Shingen Ƙuru A Bayan Gari: Abin Da Ke Tare Kare, Shi Ke Yanka Doki

Yau mun ɗan kauce daga farashin gero da dawa, amma ba mu yi nisa ba, domin wanda za mu yi magana a kansa yana cikin manyan masu cin hatsinmu, wato doki.

Mu da ke zaune bakin awo a Dawanau mun san masu dawaki ko ba mu taɓa shiga bargarsu ba. Da sayayya muke gane su. Mutum ya zo duk mako ya auni dawa, ya haɗa da buhun dusa da 'yar kanwa, ya tambaye ka inda harawa ta fi sauƙi. Kwatsam sai ka daina ganinsa. Bayan wata biyu ku haɗu wurin ɗaurin aure, ka ce, "Alhaji, lafiya? Ko mun yi laifi ne?" Ya ce, "Wallahi ba laifi, dokin ne babu." A da in ka bi ba'asi, galiban ciwon ciki ne ko tsufa. A 'yan shekarun nan kuwa mun sha jin wata amsa dabam: waya ce ta yanke shi.

Dalili a fili yake. Iyayenmu a cikin gida suke ajiye doki, ga turke, ga katanga, ga zaure guda wanda ko akuya ba ta wuce shi ba a gan ta ba. Yanzu gari ya cika, gidaje sun matse, sai mai hali ya sayi fuloti a bayan gari ko ya yanki gefen gonarsa, ya kewaye, ya saki ƙuru don yara, ko goɗiya da duƙushinta. Sakin nan ba laifi ba ne, bal ma alheri ne, don dabbar da ke yawo tana birgima ta fi wadda ke wuni a dabaibayi lafiyar ciki da ta ƙafa. Illa dai bayan gari ƙasar karnuka ce. Ga na bola, ga na bakin kwata, ga na 'yan farauta da ke wucewa garke guda in rani ya yi.

Mu ma abin ya ci mu, shi ya sa muke magana da ƙarfi. Shekara uku ke nan muka sayo wa yara wani ɗan ƙuru a Maigatari ranar Alhamis, mai sanyin hali, ƙaramin yaro ma yana jan sa da ragama. Muka ce a kewaye masa fili. Mai aikin ya ce, "Alhaji, waya mai ƙaya za a sa, layi biyar, ko ɓarawo ba ya shiga balle kare." Muka ce to, don ita ce mai araha. Wani dare cikin hunturu karnuka uku suka sulale ta ƙarƙashin layin ƙasa kamar babu kome a wurin. Ba su ko cije shi ba. Haushi kawai suka yi masa, ya firgita, ya zabura cikin duhu ya faɗa wa wayar da ƙirji, ya juya ya yi harbi, ƙafar baya ta shige tsakanin layi biyu. Da yaron da ke kwana can ya iso da tocila, wayar ta riga ta naɗe ƙafar ta ci nama har kusa da agara. Wata huɗu yana cin dawa da harawa ba a ɗora masa sirdi ba, ga kuɗin likita, ga tsiron nama da ya riƙa fitowa a bakin miki, wanda sai an yanke. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma har yau yana ɗingishi. Sallar shekarar nan yara a ƙasa suka yi kallo.

To, daga nan muka fahimci abin da muke so mu gaya muku. Kare ba safai yake kashe babban doki da haƙori ba. Tsoro yake ba shi, shinge ya ƙarasa aikin. Doki dabba ce da Allah Ya yi wa gudu ya zama makaminta. In ya tsorata ba ya tsayawa duba hanya, kuma in ƙafarsa ta maƙale ba ya haƙuri a zo a cire, fizga yake yi har sai wani abu ya tsinke, ko wayar ko jijiyar. Saniya ba haka take ba, fatarta da kauri, ta taɓa ƙaya ta ja da baya. Ita wannan waya mai ƙaya asalinta don shanu aka yi ta a Amurka, inda wani manomi mai suna Glidden ya yi mata rajista a 1874. Ba a yi ta don doki ba, kare kuwa dariya yake mata. Saboda haka mun biya kuɗi mun sayi abin da bai tare maƙiyi ba, ya kuma yanka na gida.

Shingen da zai yi aiki la budda ya zama mai fuska biyu. Ta ciki ta doki ce: sumul, ba tsini, ba ramin da kofato zai shiga, kuma idonsa ya gan ta ko da dare. Ta waje da ta ƙasa ta kare ce: ba kafar sulalewa, ba wurin tono. Duk abin da mai kanti ya nuna maka, ka auna shi da waɗannan biyun kafin ka tambayi kuɗinsa.

Bari mu fara da na gargajiya, tun da su ne a hannu. Dangar kara da zana suna tsare ido, amma in rani ya tsananta doki da kansa zai cinye dangar, abin da ya rage gara ta ɗauka, kare kuma da kai ɗaya yake huda ta. Ga haɗarin gobara. Shingen ƙayar magarya ko sarƙaƙiya yana hana kare sosai muddin sabo ne, shi ya sa makiyaya ke yi wa 'yan maruƙa da tumaki, sai dai ƙayar da ta karye ta zube ƙasa tana shiga tafin kofato, wadda ke tsaye kuma tana neman ido. In za a yi shi, a yi shi ta waje, taku biyu daga inda bakin doki ke kaiwa.

Itatuwan da ake dasawa su zama shinge suna son a yi musu tankaɗe da rairaya. Dashi yana kamawa in an dasa reshensa da bazara gab da saukar ruwa, yana daɗewa, amma shi ma da 'yar ƙayarsa, gindinsa kuma a buɗe. Aguwa haka nan, kare na bi ta tsakaninta. Zogale kuwa ba shinge ka dasa ba, abinci ka dasa masa. Cini-da-zugu dabba ba ta cika kula shi ba, amma 'ya'yansa guba ne, ƙuru mai jin yunwa ko duƙushi mai wasa da baki ba shi da tabbas. Zurma ta fi shi sharri, doki na cikin dabbobin da ƙwayarta ta fi saurin kayarwa, in ta tsiro a filin a tuge ta tun tana ƙarama, ita da zaƙami. Wanda ya taɓa hawa dutsen Jos ya ga yadda Birom da maƙwabtansu, waɗanda tun kaka da kakanni masu ƙuru ne, ke kewaye gidaje da gonaki da ƙerana. Ba abin da ke ratsa ta. Amma ƙuru nasu ya tashi cikinta ya san ta. Naka baƙo ne, ya goga fuska reshe ya karye, ruwan farin nan ya shiga ido, an shiga uku.

Katanga ita ce sarauniya, ko ta ƙasa ko ta bulo, in aljihu zai ɗauka. Kare ba ya huda ta, doki na ganinta. Sharaɗi biyu: kada a dasa fasassun kwalabe a kanta matuƙar doki zai iya ɗora wuya, kuma a bar wa iska hanya, don fili ƙarami mai doguwar katanga ta ko'ina tanda ne a watan bazara. Abin da muke roƙo da babbar murya a bari shi ne kewaye da tsohon kwanon rufi ko langa-langa ko fasasshen duro. Gefensu aska ne. Harbi ɗaya kofato ya huda kwanon, wajen zaro ƙafa ta tashi aiki.

Yanzu sai ragar waya, wadda ita yawancin mutane za su iya, kuma a nan ake yin kuskure mafi yawa domin iri-iri ce. In ka shiga Ƙofar Ruwa za a baje maka su. Akwai wayar kaji, siririya, wannan ta kaji ce kamar sunanta, kare na yaga ta da haƙori, damina biyu tsatsa ta gama da ita. Akwai mai manyan idanu wadda ake yi wa tumaki da awaki, ita ce tarkon doki na sosai: kofato ya shiga, ya ƙi fita, ƙaramin kare kuma ya wuce abinsa. Akwai ta walda, mai tauri, kyakkyawa a ido, amma in doki ya harbe ta waldar ke ɓallewa ta bar tsinaye kamar ƙusoshi. Wadda muka ga ta yi ita ce saƙaƙƙiya mai ƙananan idanu, faɗin ido kada ya wuce inci 2. Turawa masu kiwon dawaki suna da wata da ake saƙawa don wannan aiki, inci 2 a kwance inci 4 a tsaye. In an same ta madalla, in ba a samu ba, irin wadda ake kewaye makarantu da filin ƙwallo da ita ta wadatar, muddin an ja ta ta yi tsam kuma an rufe bakinta na sama da na ƙasa, don a nan tsinin yake.

Ga gwajin da ba ya bukatar tef. Tafi da ƙaramin yaro. In dunƙulen hannunsa ya shige idon ragar, kofaton duƙushi ma zai shige, ka bar ta. Sa'an nan ka tambayi geji. Mutane da yawa na zaton babbar lamba ita ce kauri, alhali kuwa akasin haka ne: geji 12 ya fi geji 16 kauri nesa ba kusa ba. Ka nemi mai wankan tutiya, wadda 'yan kasuwa ke ce wa galbanaiz, ka ɗan kankare ta da makulli ka gani ko fenti ne kawai. Kuma a warware bandir a auna a gabanka. Mu masu mudu mun san abin da ake nufi da a auna a gabanka, ba mu zargi kowa ba.

Tsawo fa? Ƙuru ƙafa 4 ta tsare shi, babban doki 4 da rabi zuwa 5, ingarma mai jin ƙarfi in akwai goɗiya kusa sai 6. Amma karen farauta ƙafa 4 ba kome ba ce gare shi. Ashe ke nan kare ne zai yanke maka tsawo, ba doki ba. Kada a gaza ƙafa 5, in da hali a kai 6.

Raga ita kaɗai doki ba ya ganinta da kyau in yana gudu, musamman da magariba. Dole a yi mata tanka a sama, katako ko gora ko bututun ƙarfe, a shafa mata farar ƙasa ko farin fenti. A ƙara wata daidai ƙirjinsa, don a nan yake jingina yana susa, in ba ita ragar za ta yi ciki ta saki. Tankar da ragar duka ta cikin fili ake buga su, dirkoki su kasance a waje, domin in ya tura, dirka yake turawa ba ƙusa ba, kuma in yana gudu gefen shinge kafaɗarsa ba ta bugun dirka. Yawancin masu aiki juyawa suke yi don ya yi kyau ga mai wucewa a hanya. Ka tsaya a kansu. Mai wucewa ba shi ya sayi dokin ba.

Dirka a samu wadda gara ke jin tsoro: ƙirya, ko azarar giginya, ko marke in ya ƙosa. Katakon da ake yankowa a Na'ibawa ya yi tanka, amma in za a binne shi sai an babbake gindin ko an shafa masa maganin gara. Masu shafa baƙin mai su tsaya a abin da zai shiga ƙasa, don doki na gaigayar itace in zaman banza ya dame shi. Bututun ƙarfe da dirkar siminti sun fi daɗewa. Ƙarfe mai kusurwa kuwa in an bar kansa a buɗe mashi ne a tsaye, a rufe shi da tanka ko a lanƙwasa. Kowace dirka ta shiga ƙasa ƙafa 2 ko fiye, a rairayi a ƙara, ta kusurwa a tokare ta.

Sai babbar magana, wato gindin shinge. Kare ba ya fara da tsalle. Hanci yake sawa ƙasa ya bi shingen kaf yana neman inda ya ɗaga, in bai samu ba ya tona, kuma a jigawa tonon minti kaɗan ne. Mai hali ya yi gindi da bulo, layi ɗaya a cikin ƙasa biyu a sama, ragar ta zauna a kai a kama ta da siminti. Wannan ya kashe tono, ya kuma ɗauke bakin ragar daga inda kofato ke kartar ƙasa. Wanda bai iya ba, ya sayi raga mai tsawo, ya lanƙwasa ƙafa ɗaya da rabi ta kwanta a ƙasa ta waje, ya rufe da ƙasa ya danne da duwatsu ko marmara. Kare a jikin shinge yake tono, ya tarar da waya a ƙarƙashin farcensa ya haƙura, ba shi da dabarar ja da baya ya faro daga nesa. Ta waje muka ce. In aka kwantar da ita ta ciki, doki zai tono ta.

Mu yi lissafi irin namu. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 kewayensa ƙafa 300 ne, wato yadi 100. In ana kafa dirka duk ƙafa 8, kana neman 38. Bulo tsawonsa inci 18, layi ɗaya zai ci 200, layi uku 600. Ka je da waɗannan lambobi ka yi tambaya shago uku, don farashin ƙarfe da siminti a yanzu ba ya kwana inda ya wuni, in muka rubuta shi yau gobe mun zama maƙaryata. Wanda kuɗinsa bai kai ba, ya raba filin biyu ya kewaye 50 da 50, amma ya sani rabin fili ba rabin kuɗi ba ne, ƙafa 200 zai kewaye, kashi biyu cikin uku. Duk da haka gara ƙaramin fili mai shingen kirki. In maƙwabci ya riga ya yi katanga ta gefe ɗaya, a nemi izininsa a jingina. Sa'an nan ka kwatanta jimlar da abin da dabbar ke ci a shekara, dawa da dusa da harawa, ka haɗa da kuɗin sayenta. Mu da muka yi wannan lissafi bayan ɓarna, kunya muka ji.

Wasu sun fara kawo waya mai lantarki da ke aiki da hasken rana, mai bugu ɗaya-ɗaya kamar bugun zuciya. Tana koya wa doki ya bar jingina, in farin kirtani mai faɗi ne yana ganinsa. Amma taimako ce, ba shinge ba. Da rani in ƙasa ta bushe ƙarfinta na raguwa, sai ana zuba ruwa a gindin ƙarfen da aka kafa mata. Kuma don Allah kada wani ya ce zai yi dabara ya jona waya da wutar gida. Wannan kisan kai ne, yaron maƙwabci zai fara taɓawa.

In duk da haka kare ya shiga ya yi cizo, kada a tsaya shafa toka. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa kamar minti 15, a kira likitan dabbobi. In mutum aka ciza, bayan wankin a tafi asibiti ran nan a fara allura. Haukan kare na kama doki kamar yadda yake kama mutum, yana iya ɓoyewa makonni ko watanni, in ya bayyana kuwa babu magani. Dokin da aka ciza ya zo yana dalala ko ya kasa haɗiya, kada kowa ya sa hannu a bakinsa wai neman abin da ya maƙale. In an san karen, a sa mai shi ya ɗaure shi kwana 10 ana dubawa. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, wadda ke can tun 1924, tana yin allurar rigakafin karnuka, mai karen gadi ya kai nasa a yi masa. Ko yankan waya ne ba cizo ba, a tambayi allurar tatanas, ciwon nan mai sandare jiki ya ƙulle muƙamuƙi, domin doki na cikin dabbobin da ya fi kamawa. Zuba guba a nama don karnuka kuwa ba mu goyi baya ba. Kajin mutane da ungulu da karen makiyayi wanda shari'a ta yarda a ajiye, su za su ci.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabta. Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanci Risala ya san hukuncin dabbar da ta yi ɓarna a shuka da dare, biyan yana kan mai ita. Shingen da ya faɗi cikin damina ƙuru ya kwana a geron mutane, bashi ne ya hau ka.

Saura ƙofa, inda aka fi sakaci. An kashe kuɗi an yi shinge, sai a rataya ƙyaure mai taƙi guda tsakaninsa da ƙasa. A yi mata dokin ƙofa na siminti ko a kwantar da azara, tazarar kada ta wuce yatsa uku, haka nan tsakanin ƙyaure da dirka. A lulluɓe ƙyauren da irin ragar shingen. Faɗinta ya isa amalanke ko kurar harawa ta shiga, kamar ƙafa 10, kuma kada a sa ta a kusurwa inda dabba za ta matse mutum. Sakata ta zama wadda leɓe ba ya zarewa, don ƙuru ya fi babban doki wayo, namu mai ɗingishin nan sau biyu yana buɗe tasa kafin mu sa kwaɗo. Kwamin ruwa da buhun dusa a janye su daga jikin shinge, kare na taka su ya haura. Duk safiya yaron doki ya zaga gindin shingen da ƙafa, inda ya ga sabuwar ƙasa a tone ya cike da dutse kafin ya je yankan ciyawa.